Ƙirgin Dantong

A Anguwan Rogo ta garin Jos, in ka tambayi gidan Malam Mahdi Direba, ba a kwatanta maka da launin ƙofa. Cewa za a yi ka bi hancinka. Lungu ne matsattse a bayan shagunan teloli, gidan ƙarshe kafin kwata, kuma tun daga bakin lungun ƙarnin ɗanyar fata da ɗacin bagaruwa ke yi wa baƙo maraba. Mutumin ba majemi ba ne, bai kuma gaji jima ba. Kakansa leburan kuza ne da ya hauro tudun nan tun zamanin Turawa. Ubansa dako ya yi a kasuwa. Shi kuwa a kan sitiyarin tifa ya ƙarar da ƙuruciyarsa, yana jigilar yashi da dutse, har idonsa na hagu ya fara ganin fitilar mota biyu-biyu, ya miƙa makulli ya dawo gida.

Jima a hanya ya tsince ta. Wata shekara tifarsa ta mutu a wani gari ta wajen Ningi, aka tafi neman kayan gyara aka bar shi gadin mota. Kusa da wurin akwai majema. Da zaman ya ishe shi sai ya riƙa zuwa yana tsugunawa a gefe, yana kallon yadda fata mai wari, wadda kare ma sai ya yi shawara kafin ya ɗauka, take komawa abu mai laushi da mutum zai kai goshinsa a kai. Ya dawo Jos da buhun bagaruwa a bayan mota, da wata sha'awa da ba ta sake shi ba.

Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. In an yi suna a unguwa ya karɓi fatar ragon. In an yanka akuya a kawo masa. Ya jeme da gashinta, ya shafe ta da man gyaɗa, ya murza ta a jikin turken da ya kafa a tsakar gida har ta saki, sannan ya ba wani tsoho a masallaci ya riƙa salla a kai, don simintin Jos da asuba ba ya tausayin gwiwa. Matarsa Suwaiba ta yi mita har mitar ta zama kamar gaisuwa.

"Malam, mutane in sun tsufa carbi suke ja. Kai fata kake ja."

"To ai a kan fatar ake zama a ja carbin."

"Maƙwabta sun ce tuwona ƙamshin bagaruwa yake yi."

"Su gode Allah, maganin basir suke ci kyauta."

Mutum ɗaya ne tsokanarsa ke shiga jikin Malam Mahdi, shi ne Dantong. Dantong makanike ne, Birom, Kirista, gajere mai faɗin kafaɗa, da wata hular ulu da ba ya rabuwa da ita ko da rana ta take. Shi ke gyaran tifar tun tana sabuwa. Shekaru masu yawa gida ɗaya suka yi haya, ɗaki na kallon ɗaki, igiyar shanya ɗaya. 'Yarsa Klaudiya da zanin Suwaiba ta riƙe ta koyi tafiya. Sai garin ya kama da wuta, ya lafa, ya sake kamawa, kowa ya kwashi abin da ya saura ya nufi inda sunansa ba zai jawo masa mutuwa ba. Dantong ya koma Anguwan Rukuba, Malam Mahdi ya dawo Anguwan Rogo. Tsakaninsu ba wata tafiya ba ce, mai keke napep ba zai ce ta yi nisa ba. Amma tun daga lokacin babu wanda ya taka ƙofar ɗan'uwansa.

Farin Gada ce ta zama zaurensu. Can inda manyan motoci ke lodin kabeji da karas, kowa na shiga, don tumatir ba ya tambayar addini. Duk Asabar da hantsi sukan haɗu a bencin wani mai shayi. Malam Mahdi kan zo karɓar bagaruwa wajen direbobin da ke kawo albasa daga arewa, don itacen ba ya son sanyin tudu. Dantong kuma kan ce cefane aka aiko shi, alhali ba a taɓa ganinsa da ko ƙullin attaruhu ba.

"Direba, yau ma akuya ne?" Haka yake fara gaisuwa, da Hausarsa ta 'yan tudu.

"Rago ne, makaho."

"Rago, akuya, duk ɗaya ne. Kai fa ba majemi ba ne, mai wasa da akuya ne. Babana a ƙauye, a kan fatan saniya ya kwanta duk rayuwanshi, a kai ya mutu. Ran da ka yi saniya, ran nan zan cire maka hula."

"Hular da ba ta san sabulu ba? Rufa wa jama'a asiri, bar ta a kanka."

"Tsoro kake ji."

"Tsoron me?"

"Saniya ya fi ƙarfinka. In ka isa ka yi mini, in kwanta a kai kamar babana."

Gaskiya Dantong ya faɗa, shi ya sa take yi wa Malam Mahdi zafi. Fatar akuya da ƙirgin sa ba tafiyarsu ɗaya ba. Ta akuya siririya ce, 'yan kwanaki sun ishe ta. Ƙirgi kuwa, wato ɗanyar fatar sa, a wuya da doro kaurinsa ya kai ɗan yatsa, kuma wata da watanni yake so a cikin ruwan bagaruwa. Duk shekara Malam Mahdi kan ce baɗi.

Wata Asabar cikin bazara ya zauna a bencin har shayinsa ya huce, ba Dantong. Sai ga Klaudiya, wadda yanzu malama ce a makarantar firamare, ta durƙusa ta gaishe shi, idonta jawur. Hawan jini ya kayar da babanta a gareji. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. An sallamo shi daga asibiti, an ce a je gida a ci gaba da kula.

Daga nan ita ke zuwa bencin duk Asabar, ta kawo labari ta koma da gaisuwa. Labarin bai taɓa yin daɗi ba. An shimfiɗa masa leda a kan katifa saboda fitsari, ledar na tara gumi, ƙugunsa da dugadugansa sun fara salewa. Kafin damina ta kankama, na ƙugun ya zama gyambo. Akwai wata nas da ke zuwa wanke masa, ta ce a riƙa juya shi a kai a kai.

"Baba Mahdi," in ji Klaudiya wata rana, tana murmushin da bai kai ido ba, "ya ce in gaya maka, wai yanzu ya kwanta. Ina saniyanshi?"

"Haka ya ce?"

"Sau uku ya maimaita kafin mu gane. Ya tsani ledan nan. Ya ce babanshi bai taɓa yin ciwon kwanciya ba, don fata yana shan iska. Na gaya mishi ba haka ba ne, amma ka san shi."

"Na san shi," in ji Malam Mahdi. "Ki ce masa ya jira Sallah."

A shekarar nan bai yi layya da rago ba. Ya shiga cikin mutum bakwai na lungunsu da suka haɗa suka sayi farin sa. Fatar layya ba a sayar da ita, ba a kuma biyan mahauci ladan fiɗa da ita, sai dai a yi sadaka ko a yi amfani da ita a gida. Bisa al'ada matan da ke dafa ganda ake ba. Tun kafin a kayar da san ya roƙi abokan tarayyarsa su bar masa, suka bar masa suna dariya. Ya tsaya a kan mahauci kamar mai gadin amarya.

"A hankali, Sarkin Fawa. Kada ka huda mini."

"Malam Mahdi, riga za ka ɗinka da ita ne?"

"Kai dai janye bakin wuƙarka."

Shi da Suwaiba suka ja ƙirgin zuwa tsakar gida, tana toshe hanci da gefen mayafi amma ba ta saki nata ɓangaren ba. Ya shafe cikinsa da gishiri mai yawa. Ya ɗora shi a kan gungumen icce ya yi ta kankare kitse da ragowar nama, bayansa na ƙara, har cikin fatar ya yi fari tas. Ya daka bagaruwa a tsohon turmin da Suwaiba ta sallama masa tuntuni. Ya wanke babban durom na roba, ya cika da ruwan sama.

Abin da ya koya a majemar nan tun yana saurayi bai manta ba. Ruwan farko tsararo ake yinsa, kamar shayin marowaci, launinsa kawai za a gani. Fata ta sha a hankali, ɗacin ya ratsa har tsakiya. Sai bayan kwanaki a ƙara bagaruwa kaɗan, a motsa, a jira, a sake ƙarawa. In aka fara da mai ƙarfi, bayan fatar ne zai kama ya ƙulle, ya hana ruwan shiga, ciki ya zauna ɗanye. Haka ya fara, bisa ƙa'ida. Kullum da safe ya zura taɓarya ya juya ƙirgin, ya duba launi, ya rufe da kwano saboda ruwan sama. Sauran bagaruwar tana ɗaure a buhu a zaure, rabon makonni masu zuwa.

Ana cikin haka garin ya sake rikicewa.

Duk wanda ya zauna a Jos ya san yadda abin yake farawa. Ba ƙarar bindiga ake fara ji ba. Waya ce ke fara ruri, ta wannan, ta wancan, kowa ya kara a kunne ya yi shiru. Sai ƙarar ƙofofin shaguna ana jan su ƙasa. Sai mata a guje, wasu ba takalmi, suna kiran sunayen 'ya'yansu. Masu keke napep su juya a tsakiyar titi su sauke fasinja ko'ina ne. An ce an tare matafiya a hanya an kashe. An ce an rama a wata unguwa. An ce, an ce. Kafin la'asar an sa dokar hana fita, ba dare ba rana, sojoji sun tsaya a bakin kowace unguwa. Sai kuma shirun nan ya sauka, wanda ake jin ɗigar ruwa daga indararo kamar ana buga ƙofa, mutum ya zabura don kaza ta ture kwano.

Malam Mahdi ya zauna a gida, ba masallaci, ba Farin Gada. Rediyo a gefe, durom a gaba. Ya buɗe ya duba, ya rufe. Can an jima ya sake buɗewa. Ƙirgin na nan yadda yake, ya ɗan yi jaja-jaja kamar bai san abin da ake ciki ba.

Ranar da dokar ta kwana biyu Klaudiya ta kira.

"Baba, kuna lafiya a wajenku?"

"Lafiya ƙalau, 'yata. Ku fa? Ya mai jiki?"

Ta gaya masa halin da ake ciki. Nas ba ta iya zuwa ba, hanya a rufe. Su suke wanke gyambon da ruwan gishiri, kuma ya faɗaɗa. Zazzaɓi ya shiga. Kunu ma sai an yi da gaske yake haɗiya.

"Jiya ya yi ta magana ba mu gane ba. Mama ce ta gane. Wai ko Direba ya gama."

"Ki ce masa an kusa."

"Kamar yaushe, Baba?"

Ya dubi durom. In za a bi ƙa'ida, sai bayan damina.

"An kusa," ya sake cewa.

Da ya ajiye wayar ya daɗe a zaune. Sannan ya tashi ya jawo buhun daga zaure, ya zazzage bagaruwar gaba ɗaya a turmi. Ya daka har kafaɗarsa ta sage. Ya ɗora babbar tukunya a murhu, ya tafasa garin har ruwan ya yi baƙi ƙirin, ya yi kauri, ɗacinsa na shaƙe maƙogwaro. Suwaiba ta fito daga ɗaki ta tsaya tana kallonsa yana jiran ya huce.

"Malam, ba kai ka ce kaɗan-kaɗan ake ƙarawa ba?"

"Ni na ce."

"To?"

"To shi wanda ake yi dominsa, kaɗan-kaɗan zai jira?"

Ta kama ɗaya kunnen tukunyar, suka juye tare.

Ba a yi mako ba ƙirgin ya rikiɗe. Cikinsa ya yi ja mai duhu kamar goron da aka tauna, farin gashin ya koma ruwan zuma. Ko a majemar Ningi bai ga launi mai kyan wannan ba. Yadda ake gane fata ta jemu shi ne a yanki ɗan gefe a duba bakin yankan: in ja ne daga sama har ƙasa, ta yi. Kuma a wuya ake yanka, inda ta fi kauri. Malam Mahdi ya san wannan sarai. Ya ɗauki wuƙa ya kai hannu wajen wuyan, sai hannun ya zarce da kansa zuwa gefen ciki, inda fatar take siririya. Ya yanka. Ja ne har ƙasa.

"Ta yi," ya ce da ƙarfi, ko da yake babu wanda ya tambaye shi.

Ya fitar, ya ɗauraye, ya shafe da man gyaɗa. Rana ta ƙi fitowa. Watan Agusta ne, ruwa ba ya ɗaukewa sai dai ya huta, hazo ya sauko har kan kwanon gida, tufafi ma sai su kwana su wuni a igiya da danshinsu. Ya shanya ƙirgin a zaure a kan gora. Gefen cikin ya bushe, ya murza shi ya yi laushi. Wuya da gadon baya kuwa suka zauna da sanyi da nauyi. Ya ce wa kansa laifin damina ne.

Aka sassauta doka, aka ce a fita da safe a dawo kafin magariba. Ya kira Klaudiya ya ce su haɗu ranar Asabar. Ta ce da ta gaya wa babanta, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya taɓa hularsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya sauke ƙirgin ya shimfiɗa a tsakar gida don ya daidaita gefuna. Ƙirgin ya cika wurin, daga bakin rijiya har ƙofar madafa. Ya durƙusa ya shafa gadon bayan, yana jin daɗin santsin gashin. Da ya ɗago hannu, tafinsa cike yake da gashi.

Ya sake shafawa. Gashin ya biyo hannunsa kamar na kazar da aka tsoma a ruwan zafi, ya bar fili mai sanƙo da danshi. Ya sunkuya ya shinshina. A ƙarƙashin ɗacin bagaruwa da ƙamshin man gyaɗa akwai wani wari, kaɗan ne tukuna, amma ya san shi. Ya ɗauki wuƙa ya yanki wuyan, inda ya kamata ya yanka tun farko. Sama ja, ƙasa ja. Tsakiya kuwa wani farin layi ne mai kauri, mai yauƙi, ɗanye kamar ranar da aka feɗe san.

Suwaiba ta zo ta tsuguna kusa da shi, ta karɓi yankin ta juya.

"Dankali ke nan in an cika masa wuta," ta ce a hankali. "Baya ya ƙone, ciki na garas-garas." Ta dube shi. "Ba a mayarwa a ruwa?"

"Ya riga ya ƙulle. Kuma ruɓa ta shiga."

"Innalillahi."

Ya zauna dirshan a kan simintin. Akwai dabara, kuma ta zo masa. A tsefe gashin gefe a rufe sanƙon, a turara ƙirgin da turaren wuta, a naɗe. Zai kai kwanaki kafin warin ya fito fili. Dantong zai ga saniya sukutum an shimfiɗa masa, daga wuya har gindin wutsiya, zai cire hular nan. Wa ya sani ma ko zai kai lokacin da warin zai tashi? Malam Mahdi ya ji kunyar wannan tunanin tun bai gama yinsa ba. Mutum ne mai buɗaɗɗen gyambo a ƙugu. A kwantar da shi a kan ruɓa?

"Ba ni dutsen wasa wuƙa," ya ce.

Ya fara daga gefen ciki yana yankawa zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, yana duba bakin yankan. Duk inda farin layin ya ɓullo sai ya ja da baya. Abin da ya tsira ɓalli biyu ne dogaye marasa faɗi, na dama da na hagu, fatar cikin san. Ya daidaita su, ya huda da basilla, ya ɗinke su gefe da gefe da zaren fata, ya kwantar da ɗinkin da guduma don kada ya ci jikin mai kwanciya. Da ya gama ya ɗaga. Girman fatar akuya ne, ba ƙari.

Farin Gada ranar Asabar ɗin rabin kasuwa ce. Motar sojoji a bakin gada, kabeji ya ruɓe a tsibi saboda kwanakin da ba a yi lodi ba, mai shayin bai fito ba, bencin kawai aka bari a jingine. Klaudiya ta rame. Ta ga ƙullin da ke hammatarsa, ta dubi bayansa ko akwai mai ɗauko saura, sannan ta gane babu.

"Abin da ya samu ke nan," ya ce. "Sauran ya lalace. Laifina ne."

"Ba komai, Baba. Zai ji daɗi."

Bai saki ƙullin ba. "Klaudiya, in na cire hula na sa wannan rigar sanyin, muka shiga keke tare, ki ce ni kawunki ne..."

"Baba, don Allah kada ka zo." Muryarta ta karye. "Samarin da ke tsaye a kan hanyanmu yanzu ba yaran unguwa ba ne, ban san su ba. In suka tare mu ba zan iya tsaya maka ba. Kada ka sa in ga wannan da idona."

Ya sakar mata ƙullin. Ya tsaya yana kallonta har ta tsallaka titi ta shiga keke.

Bayan azahar wayarsa ta yi ruri. Klaudiya ce, ta ce ga babanta. Aka yi ta ƙoƙarin daidaita wayar, yana jin muryar Magadaliya, matar Dantong, tana cewa a ɗaga masa kai. Sai numfashi mai nauyi. Sai wata murya da ya sani kuma bai sani ba, kalmomin na fitowa da ƙyar ta gefen baki.

"Di... reba."

"Na'am, Dantong. Ina jin ka."

"Akuya."

Wani sauti ya biyo baya, kamar tari, kamar kuka. Sai da ya ɗan jima ya gane dariya ce.

"Wallahi sa ne," in ji Malam Mahdi. "Fari, mai tozo. Cikinsa ne wannan."

"Saura... fa?"

"Na yi gaggawa. Na cika masa bagaruwa, ya ƙone."

Numfashi.

"Haka... ka ƙona... kulocin tifa."

"Haka ne."

"Hula... yana kaina."

"Bar ta a kanka. Baɗi zan yi maka cikakkiya, ka cire ta a gaban jama'a."

Bai ji amsa ba. Ya kira sunansa sau biyu. Sai Klaudiya ta karɓa ta ce ya gaji, sun sa masa fatar a ƙarƙashin ƙugu, sun janye ledar daga wajen.

Dantong bai ga ƙarshen daminar ba. Wata safiya Klaudiya ta kira, tun daga sallamarta Malam Mahdi ya gane. Ta ce gyambon bai warke ba, fatar ba ta canja komai ba. Amma ya hana a ɗauke ta ko don a kakkaɓe, kuma hannunsa mai lafiya kullum yana kan gefenta, yana shafa gashin. Aka kai shi ƙauyensu aka binne. Malam Mahdi bai je ba. Babu ma wanda ya kawo zancen ya je. Ya yi wa Magadaliya ta'aziyya ta waya, suka yi ta cewa sai haƙuri, sai haƙuri, har katin ya ƙare.

Ragowar ƙirgin, wuya da gadon baya, tun ranar Asabar ɗin ya tona rami a bayan gida ya binne, don warin ya fara kiran ƙudaje. Ruwan duron ya tuttular a kwata, ya bar baƙin tabo a siminti da har yau bai fita ba.

Yana nan a gidan ƙarshe kafin kwata, idon dama ma ya fara bin na hagu. Ranar Asabar ba ya zuwa ko'ina. Da Sallah ta zagayo, mutanen lungun suka sake haɗa sa, ya shiga cikinsu. Mahaucin nan ya feɗe a hankali ba tare da an ce masa komai ba, bai huda ko wuri ɗaya ba, ya naɗe ƙirgin ya ajiye a gabansa.

"Malam Mahdi, ga naka. Bana ko ƙwarzane babu."

Ya sunkuya ya taɓa wuyan, ya matsa kaurinsa tsakanin yatsu biyu. Suwaiba na leƙowa daga zaure, ta riga ta wanke duron tun da safe ba tare da ya sa ta ba.

Ya miƙe, ya goge hannunsa a jikin riga.

"A kai wa masu ganda," ya ce.